Kafin a sayar da filin Rikkos saboda aikin otal a Maldibi

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma saurari wanda Yaya ta aiko da murya. Ka ce wani ejan a Abuja ya yi maka alkawarin aikin otal a nan Maldibi. Za ka shigo da bizar yawon buɗe ido, in ka sauka a Male, babban birnin ƙasar, mutuminsa zai tarbe ka ya daidaita maka takardu, kuma kuɗin da ya yanka ba zai haɗu ba sai an sayar da filin mahaifiyarka na Rikkos. Ka tambaye ni ko ƙasar tana da arziki kamar yadda ake gani a hotuna. Na zaɓi in amsa maka a fili, domin samarin Jos da ke aiko mini da wannan tambaya suna da yawa.

Kada a taɓa filin nan. Ina roƙonka ka karanta dalilaina har ƙarshe kafin ka ce Kawu ya samu ya hana wasu.

Hotunan ba ƙarya ba ne. Ruwan haka yake, garau, kana tsaye a bakin gaɓa kana ganin kifi. Tsibirai ne kusan 1,200 a warwatse cikin Tekun Indiya, amma waɗanda jama'a ke zaune a kansu ba su cika 200 ba. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen ƙasar duka sun ɗan haura rabin miliyan, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu baƙi ne irina. Tun da aka buɗe otal na farko, Kurumba, a 1972, tsarinsu shi ne tsibiri guda otal guda: a ba ɗan kasuwa hayar tsibirin da ba kowa, ya gina ɗakuna a kan ruwa, attajiran Turai da Rasha da Sin da ƙasashen Larabawa su zo su kwana. A 2024 masu yawon buɗe ido fiye da miliyan 2 suka shigo. In aka raba kuɗin da ƙasar ke samu a kan kowane mutum, duk Kudancin Asiya babu wadda ta kamo su. Kuma dangantakarmu da su tsohuwa ce, ko da ba mu sani ba: kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, da yawa daga cikinsa daga tsibiran nan aka kwaso shi.

To, ga abin da hoto ba ya ɗauka. Ban da kifi da kwakwa da ɗan abin da ba a rasa ba, komai na ƙasar nan a jirgi yake zuwa. Shinkafa, fulawa, sukari, albasa, magani, siminti, kai har yashi da tsakuwar gini daga Indiya ake kawo su. Wutar lantarki yawanci janaretan dizal ne, kowane tsibiri da nasa. Ruwan famfo a Male ruwan teku ne ake tacewa da inji, shi ya sa da gobara ta kama injinan a Disambar 2014 sai da aka riƙa kawo ruwan sha daga Indiya a jirgin sama. Duk wannan da dala ake saye, ita kuma dalar ƙofa ɗaya take shigowa, wato aljihun baƙon otal. Kamun kifin tuna yana kawo wani abu, amma bai kai kusa ba.

Kai ɗan Jos ne, ka san labarin kuza. Ka san kududdufan Bukuru da Barkin Ladi, ka ji yadda garin da ya tara mutane daga ko'ina saboda ma'adini guda ya koma lokacin da harkar ta mutu, musamman bayan farashin ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Maldibi ta ɗanɗana irin wannan a 2020. Korona ta sa aka rufe iyaka a watan Maris, ba a buɗe ba sai tsakiyar Yuli, tattalin arzikin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara guda. Ma'aikata baƙi suna cikin waɗanda aka sallama, ko aka ajiye ba albashi. Da yawa sun maƙale a ɗakunan da suke kwana a cunkushe, ba aiki, ba kuɗin tikiti.

Yanzu bari in zauna a kan maganar dala, domin ita ce za ta ci ka ko ta cece ka. Kuɗinsu sunansa rufiya. A hukumance dala ɗaya rufiya 15.42 ce, kuma an daɗe a haka. Amma je ka banki ka ce kana son dala a wannan farashi. Za a ba ka ɗan abin da aka ƙayyade, in an ba ka. Sauran sai kasuwar bayan fage, inda farashin ya fi haka nesa. Ni malamin makaranta ne a wani tsibiri can kudu, kuma abin da ke faruwa da ni duk ƙarshen wata ke nan: a takarda albashina yana da kyau, amma kafin rufiyar ta zama dala, dalar ta zama naira a hannun iyalina a Anguwar Rogo, wani yanki ya narke a hanya. Abokan aikina Indiyawa, malamai da ma'aikatan jinya, kukansu ke nan kullum, wasu saboda shi suka tattara suka koma. Saboda haka duk wanda ya faɗa maka adadin albashi bai faɗa maka da wane kuɗi za a biya ba, bai faɗa maka komai ba.

Me ya sa ƙasar da baƙi ke zuba wa dala take fama da ƙarancinta? Na farko, kuɗin ɗakunan otal da yawa a waje ake biyansu, ta hannun kamfanonin tafiye-tafiye, a waje kuma suke zama. Shi ya sa a ƙarshen 2024 babban bankin ƙasar ya tilasta wa manyan otal-otal su riƙa canza wani kaso na dalarsu a bankunan cikin gida, aka sa dala 500 a kan kowane baƙo, masu otal suka yi ta ƙorafi. Na biyu, bashi. Gwamnatoci sun ciwo bashi daga Sin da Indiya da kasuwar duniya sun yi manyan ayyuka. Gadar Sinamale da aka buɗe a 2018, wadda ta haɗa Male da tsibirin filin jirgi, da dogayen benayen Hulhumale, tsibirin da aka cike teku aka samar, ayyuka ne masu amfani, ina hawa gadar duk sanda na shiga birni. Amma bashin gwamnati ya zarce duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. A 2021 sun sayar da sukuk, wato takardun bashi na tsarin Musulunci, na dala miliyan 500 da ribar kusan kashi 10 cikin ɗari, wa'adinsa Afrilun 2026. A 2024 kamfanonin Fitch da Moody's, masu auna ƙarfin ƙasashe wajen biyan bashi, duk suka sauke darajar Maldibi zuwa sahun waɗanda ake tsoron za su gaza. Mutanen nan sun ga abin da ya sami maƙwabciyarsu Siri Lanka a 2022, layin mai da layin gas har aka kori shugaban ƙasa, kuma hankalinsu bai kwanta ba.

Na uku shi ne yadda ake mulkin, kuma nan ne abin ya fi ba ni takaici, domin talakawan tsibiran nan mutanen kirki ne masu haƙuri. Maumoon Abdul Gayoom ya yi shekara 30 a kan mulki, daga 1978 zuwa 2008. Mohamed Nasheed da ya kayar da shi bai ƙarasa wa'adinsa ba, ya sauka a Fabrairun 2012 cikin tarzomar 'yan sanda, shi kuma ya ce juyin mulki aka yi masa. A zamanin Abdulla Yameen aka bankaɗo badaƙalar hukumar tallata yawon buɗe ido, inda kuɗin hayar tsibirai, miliyoyin daloli, suka bi ta aljihun mutane. Mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Ahmed Adeeb, ya tafi gidan yari. Shi ma Yameen an ɗaure shi bayan ya sauka, daga baya kotunan sama suka soke hukuncin. Ka lura, dukiyar da ƙasar ke taƙama da ita, wato tsibiran kansu, ita aka yi wa wawaso. Ga kuma kamfanonin gwamnati da ake cika wa ma'aikata duk sanda zaɓe ya matso, ga tallafin wuta da mai da abinci da inshorar lafiya ta Aasandha, waɗanda ba ɗan siyasar da ke son taɓawa ko da baitulmali ya bushe. Ita Aasandha ta 'yan ƙasa ce, kai baƙo ba ka ciki.

Sannan ƙaramar ƙasa ce a tsakanin manya biyu, Indiya da Sin. Mohamed Muizzu ya ci zaɓen 2023 da kamfen ɗin fitar da sojojin Indiya. A Janairun 2024 wasu ƙananan ministocinsa uku suka ci mutuncin Firayim Ministan Indiya Modi a intanet, Indiyawa suka ce sun daina zuwa, adadinsu ya faɗi a wannan shekarar. Kafin shekarar ta ƙare, a Oktoba, Muizzu yana Delhi, Indiya ta amince da musayar kuɗi ta dala miliyan 400 don ta tallafi ajiyar kuɗin waje ta ƙasar. Rubutun mutum uku a waya ya taɓa abincin mai wankin zanen gado a otal. Batun teku kuwa ka ji shi a labarai: mafi yawan ƙasar ba ta haura mita ɗaya a kan ruwa ba, kuma kuɗin gina katangar gaɓa da cike teku shi ma bashi ne.

Mu dawo kan ejan ɗinka. Gaskiya ne ana ba da bizar kwana 30 kyauta a filin jirgin Velana da ke kusa da Male, amma ta yawon buɗe ido ce, aiki da ita laifi ne. A ƙa'ida mai ɗaukar aiki ne ke nema maka izinin aiki tun kana gida, da sunanka da lambar fasfonka, kafin ka hau jirgi. Wanda ya ce ka zo tukuna a daidaita, hanyar da aka bi aka cuci dubban 'yan Bangaladash yake nuna maka. Sun sayar da gonaki sun biya dillalai, suka sauka suka tarar ba kamfanin, ko aka karɓe fasfonsu, aka riƙe albashinsu wata da watanni. Ina ganinsu a Male suna tsaye a bakin hanya da safe suna jiran wanda zai ɗauke su aikin yini. Da aka kafa mafi ƙarancin albashi a 2022, ba a sa baƙi a ciki ba. Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a Male da za ka ruga. Kuma tsibiri ne, ɗana. Babu motar dare da za ka shiga ka gudu.

Akwai wani abu da Yaya za ta so ta sani. Ƙasar Musulmi ce, tsarin mulkinsu ma ya ce sai Musulmi ne zai zama ɗan ƙasa. A tsibirin da nake, kiran salla ba ya wuce ni, azumi a nan yana da daɗi, 'yan Shafi'iyya ne kuma suna girmama malami. Giya da naman alade haramun ne a garuruwan jama'a. Amma a tsibiran otal an halatta su saboda baƙi, kuma ma'aikata 'yan waje ake sa wa aikin zuba giyar. Ka tambayi ainihin aikin da za a ba ka tun kafin ka sa hannu, kada ka je ka tarar da abin da zuciyarka ba za ta ɗauka ba alhali ba ka da kuɗin komawa.

Ban ce ba a samu ba. Manyan otal-otal da yawa suna biya da dala, suna ba da ɗaki da abinci, ga kuɗin hidima na kashi 10 cikin ɗari da ake ɗora wa baƙo a raba wa ma'aikata, wanda a lokacin cikar baƙi, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, yakan yi kauri. Wanda ya sami irin wannan ya riƙe hannunsa, zai iya gina wa mahaifiyarsa ɗaki. Amma su waɗannan otal-otal da kansu suke tallata guraben aiki a shafukansu, su yi maka tambayoyi ta bidiyo, kuma abin da suke nema shi ne wanda ya riga ya iya aikin: mai dafa abinci da ya goge, mai gyaran injin sanyi ko janareta, mai kula da lissafi, mai jin wani harshe bayan Turanci. Da difilomarka ta harkar otal da hidimar ƙasa kaɗai, za ka yi gogayya da ɗan Siri Lanka da ɗan Nefal da suka shekara suna wannan aiki, tikitinsu kuma bai kai rabin naka ba. Shawarata ka nemi aiki a babban otal a Abuja, ko da albashin bai taka kara ya karya ba, ka yi shekara biyu ko uku a kicin ko wajen karɓar baƙi, ka karɓi takardar shaida mai kyau, sannan ka nema kai tsaye ba ta hannun kowa ba.

In kuma ejan ɗin ya dage cewa aikinsa na gaske ne, to ya ba ka abu uku a rubuce: sunan otal ɗin da kamfanin da ya mallake shi, kwafin izinin aiki mai ɗauke da sunanka, da kwantiragin da ya faɗi albashi da irin kuɗin da za a biya da wanda zai sayi tikitin dawowa. Ka turo mini su. Ina da ɗalibai da suka gama suna aiki a otal-otal daban-daban, zan sa a bincika mini ko akwai gurbin. Kafin nan kada ka ba shi ko kwabo, kada ka ba shi fasfonka. Zan kira Yaya ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ina so ka kasance kusa da ita mu yi maganar mu uku.