Kuɗin Tallafin Noma da Aka Karkatar, Ana Iya Dawo da Su?

Tambaya: Malam, ni manomin shinkafa ne. An sa sunana cikin masu karɓar tallafi, ban ga taki ba, ban ga iri ba, sai ga shi an ce ana bi na bashi. Waɗanda suka ci kuɗin nan ana kama su kuwa? Kuɗin na dawowa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya bi maka hakkinka. Abin da ya same ka shi ne magudin da ya fi yawa a harkar nan: a tara sunayen mutanen ƙauye, a karɓi kaya da sunansu, a kai takin kasuwa, bashin ya zauna a wuyan wanda bai ga komai ba. Akwai kuma manoman bogi da ba su da ko taƙi ɗaya na gona, da 'yan kwangilar da ke kawo iri maras kyau a rubuta shi da farashin mai kyau.

Dubi shirin Anchor Borrowers, na bai wa ƙananan manoma rancen kayan noma, da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi cikin Nuwamban 2015. Zuwa farkon 2023 Babban Banki ya fitar da sama da naira tiriliyan 1. Asusun lamuni na duniya, IMF, ya ce kashi 24 cikin ɗari kacal na bashin aka biya, Babban Banki ya ce ya kai kashi 52. Ko da an ɗauki maganar Babban Bankin, kusan rabi na waje.

Hanyoyin ƙwato kuɗin suna nan. Tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ke ba banki damar cire bashinsa daga duk asusun da ke ɗaure da lambar BVN ta mai bashi. EFCC da ICPC na iya roƙon kotu ta rufe asusu ko ta ƙwace kadara, kuma dokar 2022 kan dukiyar da aka samu ta hanyar laifi ta ƙara musu ƙarfi. Tun Disamban 2016 ma, wanda ya tona asiri har aka ƙwato kuɗi yana iya samun kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato.

Abin da ke damuna shi ne wanda wuƙar ke fara yanka. GSI sunan da ke kan takarda yake bi, wato kai, alhali wanda ya sayar da tirelolin taki sunansa ba ya cikin masu bashi. Haka manomin da ambaliyar 2020 ta cinye masa shinkafa a Kebbi, bai kamata a haɗa shi layi ɗaya da ɓarawo ba. Binciken gaskiya daga sito yake farawa: buhu nawa ya shigo, wa ya sa hannu ya fitar, ina aka sauke.

Kai kuwa, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar amincewa da bashin. Je bankin da aka buɗe asusun, ka nemi bayanin asusun a rubuce, da takardar da ke nuna wanda ya karɓi kayan. Ka rubuta ƙorafi, a buga maka hatimi a kwafinka. In ba su warware ba, sai sashen kare hakkin abokan ciniki na Babban Banki, sannan EFCC ko ICPC. Ka nemo sauran da abin ya shafa a garinku ku kai ƙara tare, don takardar mutum 40 ta fi wuyar jefawa ƙarƙashin tebur.