Shirin ɗalibai kafin hawan dutsen Bagzan

Malam, ka ce kuna son kai ɗalibanku na Yamai dutsen Bagzan da ke yankin Agadas a hutun Disamba, kana tambayar yadda za a horar da su. To, ƙololuwarsa, Idukal-n-Tages, mita 2,022 ce, kuma yaranmu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suka saba takawa. Ku ba shirin sati 8, sau 3 a sati, bayan sallar asuba.

Ku fara da tafiyar kilomita 5, kowa da jakar kilo 3 a baya, ana ƙara kilo ɗaya duk sati biyu. Ranar Asabar a haye gada zuwa tuddan Harobanda da ke hayin kogin Yamai, a hau a sauka. Saukowar ce ke cin mutum. Ita ke kashe cinya da gwiwa, don haka a koya musu gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ban da gudu.

Takalmin da za a je da shi, da shi za a yi horon. Sabon takalmi ranar tafiya bororo yake jawowa a dunduniya. Ruwa kuwa lita 3 kowane yaro a yini.

Mai sikila ko asma sai likita ya amince, domin iskar can sama ba ta kai ta ƙasa ba. A riƙo bargo, daren Bagzan a Disamba sanyi gare shi.