Amsa: Motata mai dizal tana mutuwa in na taka mai

Ɗan'uwa, ka ce motar tana wahalar tashi, tana mutuwa in ka taka mai, kuma na'urar bincike ta nuna P0193. Wannan lambar ta sansan da ke auna ƙarfin mai ce, wanda ke ɗaure a jikin bututun da ke raba wa injektoci (masu fesa mai cikin inji) dizal.

Amma kada ka yi saurin sayen sabo. A tsohuwar mota, sau da yawa laifin na soket ɗin sansan ne. Zare shi ka haska da tocila. In ka ga ƙafafun sun yi kore ko mai ya jiƙa su, wanke ka mayar tukuna. Wayoyi uku ne a soket ɗin. Kunna makulli ba tare da tada inji ba, ka sa mitar auna wuta: ɗaya ta ba ka bolt 5, ɗaya ta ƙasa ce (wato negatif), ta ukun ta nuna kusan bolt 0.5. In ta ukun ta maƙale kusa da 5, ko waya ta tsinke ko sansan ya mutu. Shi kam ba a gyara shi, sai canji.

Don Allah kada ka kwance sansan inji na aiki. Ƙarfin man nan yana haura bar 1,000 (bar ma'aunin matsi ne), yana iya huda fata. Ka duba filtar mai ma.