Abin da ya sa ba a cika wa sabon sa dusa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka sayo bijimi a kasuwar shanu ta Adumri, a arewacin Kamaru, za ka turke shi kafin Babbar Sallah, kakarka ta hana ka cika masa kwano da dusa, ta ce a fara da tafi ɗaya a kuma jiƙa masa kanwa. Kana tambaya ko camfi ne. Ba camfi ba ne, bi maganarta.

Sa ba da kansa yake narkar da ciyawa ba. A cikin babban tumbinsa, wanda kan ɗauki fiye da lita 100, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, likitocin dabbobi na ce musu bakteriya. Su ke cin abincin, shi kuma ya rayu da abin da suka fitar. Kuma iri-iri ne. Bijimin da ya tashi a daji, masu sarrafa ciyawa da kara ne suka cika masa tumbi, masu son tsaba ba su da yawa. Ranar da ka jibga masa dusar masara, waɗannan 'yan tsirarun sai su hayayyafa kafin gari ya waye, su cika tumbin da tsami. Masu ciyawa ba sa jure tsami, mutuwa suke yi. Sai ka ga sa ya daina tuƙa, ciki ya kumbura, zawo ya biyo baya. Wanda ya tsira ma yakan koma ɗingishi, don ciwon na sauka kofato.

To, ƙara masa kaɗan-kaɗan, mako 2 zuwa 3, har tumbin ya saba. Kullum harawa ko karan dawa su riga dusa shiga. Tuƙa ce ke kawo yawu, babban sa na zubar da kusan lita 100 a cikinsa a yini, kuma a yawun nan akwai sinadarin da ke kashe tsami, irin wanda ke cikin kanwar da ake kawo mana daga Kanem ta ƙasar Chadi. Tsofaffinmu ba su shiga aji ba, amma sun daɗe suna kallon kashin shanu da safe. Kanwar dai kada ta yi yawa, ruwa kuma kada ya yanke.

Tunkuzar auduga ta Sodecoton, kamfanin auduga na Kamaru, ma haka za ka shigar da ita, a hankali. Amma kada ka ba ɗan maraƙin nan na gidanku, tumbinsa bai ƙosa ba, gubar da ke cikin angurya za ta iya kashe shi.

Ka gaishe da Hajiya da yara.