Maganin zuciya ya rage min bugu, in aje shi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni a unguwar Birni nake nan Damagaram, shekarata 58, tansiyo gareni tun shekara shida, watan jiya likita ya ƙara min wata ƙwaya bisoprolol, to tunda na fara sha in na auna da na'urar da yarona ya sawo min sai in ga bugun zuciya 52 wani lokaci 50 alhali da 80 nake gani. Wallahi Malam dare in yayi bana barci, gani nake zuciyar zata tsaya cak. Abokina yace in aje ƙwayar in koma zuma da habbatussauda in dogara ga Allah. Ya halatta in daina? Kuma tsoron nan raunin imani ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji Allah ya baka lafiya yasa kaffara ne, tambayarka ta taɓa ni sosai.

Bai halatta ka daina ƙwayar nan da kanka ba, ko ka rage ta, sai wanda ya rubuta maka ita ya ce. Hukunci kan abu yana biyo bayan sanin abun ne, shi yasa zan fara da maganin kanshi. Bisoprolol da 'yan uwanta irinsu atenolol da propranolol aikinsu kenan, suna tare ƙarfin adrenalin ne, sinadarin jiki mai zaburar da zuciya, don ta riƙa bugu a hankali ta huta, wato raguwar da kake gani ba ɓaci bane, abinda aka baka ita dominshi ne. Babban mutum a zaune bugunshi tsakanin 60 zuwa 100 ne a minti, amma mai shan irin wannan magani ya sauka 50 da wani abu kuma yana jin jikinshi garau, likitoci sun saba gani, kuma a barci dama bugun kowa sauka yake. Haɗarin da aka sani yana wajen yanke ta farat ɗaya, zuciyar da ta saba da linzami sai ta zabura, bugu ya hau, tansiyo ya hau, mai ciwon jijiyoyin zuciya har ya iya samun ciwon zuciya mai tsanani na farat ɗaya. Allah yace a Baƙara aya ta 195 kada ku jefa kanku cikin halaka, kuma Imam Malik ya ruwaito "la darara wa la dirar", ba cuta ba cutarwa. Abinda masana suka tabbatar yana da cuta, aikata shi da gangan haramun ne.

Abokinka nasan don ƙauna ya faɗa, amma yayi kuskure a ma'anar tawakkali. Annabi (SAW) yace ku nemi magani ya bayin Allah, kuma yace ma mai raƙumi ɗaure shi sannan ka dogara. Sayyidina Umar da ya ji annoba a Sham ya juya da mutane, aka ce gudun ƙaddarar Allah kake? yace muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Zuma da habbatussauda sunzo a nassi, bamu musu, amma babu inda nassin yace ka zubar da maganin likita saboda su, kuma ko su ɗin ka faɗa ma likitanka kana sha.

Akwai halin da jira ma bai halatta ba. In ka ji jiri mai ƙarfi, ko ka suma, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi yana maka wuya, ko bugun ya gangaro wajen 40, to a ɗauke ka a kaika babban asibiti nan take ko tsakar dare ne, kar a tsaya sai gari ya waye kuma kar ka hau babur kai kaɗai. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ka koma wajen likitan cikin satin nan da takardar magani da duk ƙwayoyin da kake sha, ka rubuta mishi awon da kake samu, yana iya yi maka awon zuciya na ECG ya rage ko ya canza. Kuma in jiri na ɗaukarka a tsayuwar sallah ka zauna, hadisin Imran bin Husain a Bukhari ya baka wannan sauƙi.

Shi kuwa tsoro, a'a Alhaji ba raunin imani bane, ɗabi'a ce, Annabi Musa ma Alƙur'ani yace ya ji tsoro a ranshi. Abinda nake ji maka shine wasuwasi, ka auna ƙarfe sha ɗaya ka sake aunawa ƙarfe ɗaya, kowace lamba ta hanaka rintsawa, rashin barcin nan kanshi yana tada tansiyo. Ali Imran aya ta 145 tace babu rai da zai mutu sai da izinin Allah a rubutaccen lokaci, ba na'ura ke riƙe da shi ba. Ka auna sau ɗaya da safe kana zaune, ka rubuta, ka miƙa ma uwargida na'urar ta aje, da dare ka karanta Ayatul Kursiyyu da "Bismika Allahumma amutu wa ahya" ka kwanta. Kuma ka faɗa ma likitan maganar rashin barcin, kar ka ji kunya.

Wallahu a'alam.