Amsa ga Hajiya kan yaron da ba ya rabuwa da ƙera motar kara

Assalamu alaikum. Hajiya, na karanta tambayarki a kan ɗanki mai shekara 11, wanda kika ce da ya dawo daga makaranta sai ya zauna yanka kwali da gwangwani yana ƙera motoci, bayan littattafansa kuma duk ya cika su da zane, har mahaifinsa yana ganin ɓata lokaci ne. Kin nemi jin ko wannan yana da wani amfani ga mai son zama mai zane. Sana'ata ke nan, tsara katin biki da kalanda da tambarin kamfanoni, kuma na daɗe ina koyar da yara a shagona, saboda haka zan faɗi abin da na gani.

Kwamfuta ba ta da wuyar koyo. Yaro mai natsuwa yakan iya sarrafa manhajar zane ta CorelDRAW cikin 'yan watanni, amma abin da yake ɗaukar shekaru shi ne ido ya san daidai, wato ya gane cewa wannan rubutu ya yi wa wancan hoto girma, ko gefen dama ya fi na hagu nauyi, tun kafin a ɗauko ma'auni. Wannan idon a wasan yara ake fara samunsa. Wanda ya taɓa ƙera motar kara ya san sai ya fere ɓawon karan dawa a tsanake, ya yanka ɓargon daidai wa daida, ya soke su wuri guda, sannan ya yanko tayoyi huɗu daga tsohon silifa. Idan taya ɗaya ta ɗara sauran ko da kaɗan ne, motar za ta riƙa karkata, abokai kuma su yi masa dariya. Sai ya kwance ya sake. Yaron da ya saba da wannan ba ya jin zafi idan wanda ya ba shi aiki ya dawo masa da zane ya ce a gyara, alhali da yawa daga masu zuwa koyo a nan suke karaya.

Na lura da haka ga 'yan matan da suka taso suna yi wa ƙawayensu ƙunshi, da almajiran da suka taɓa yin zayyana a allo. Ba sai an yi musu dogon bayani a kan barin fili tsakanin layi da layi ba, domin hannunsu ya riga ya san cewa ado idan ya cunkushe ya lalace.

Misalin da nake yawan ba iyaye shi ne na Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun wata daga cikin iyayenta mata a garin Kwali. A shekarar 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, inda ta koyi aiki da na'urar juya yumɓu da gashin tukwane na zamani. Duk da haka, abin da ya fitar da sunanta a duniya shi ne zanen ƙadangare da kada da kunama da kifi da take tsagawa a jikin randa, irin wanda ta taso da shi a gida. Horon ya ƙara mata dabara a kan abin da ta zo da shi, kuma a ganina da babu ɗaya daga cikin biyun da ba ta kai inda ta kai ba.

Ko bayan girma, abin da mutum yake yi don jin daɗinsa shi ne yake ciyar da aikinsa. Ni nawa shi ne zagaya tsohon birnin Zariya ina ɗaukar hoton adon da magina suka yi a fuskar soraye. A can na fahimci cewa a dagin Arewa kowane layi sai ya bi ta saman wani sannan ya nutse ta ƙarƙashin na gaba. Yawancin waɗanda suke kwaso shi daga intanet su manna a fosta ba su taɓa lura da haka ba, shi ya sa nasu yake fitowa a kwance, babu rai.

Sai dai damuwar mahaifinsa ma tana da tushe, kada ki yi watsi da ita. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen koyar da zane, amma ba a shiga sai da sakamako mai kyau na sakandare da na JAMB, kuma mai zanen da ba ya iya rubutu daidai zai riƙa buga wa mutane katin da aka ɓata sunan amarya. Shawarata ita ce a tsayar masa da lokaci, ya gama aikin gida da Islamiyya tukuna, sannan a bar shi da kayansa ba tare da tsangwama ba. Ki saya masa littafin zane na daban da fensir da almakashi marar tsini, ki kuma hana shi yanka gwangwani sai da babba a kusa, domin bakinsa yana da kaifi. Kada ki yi saurin ba shi waya don ya riƙa kwaikwayon zanen wasu. Ya fara zana abin da ke gabansa, kamar buta da keken ɗinki da akuyar gidanku. Ki adana abubuwan da ya yi, ki rubuta kwanan wata a jikin kowanne, domin duk wanda zai ɗauke shi koyo nan gaba su zai fara neman gani.