Tambaya da Amsa: Wane Hali Kulob-kulob na Wasan Hurling Suke Ciki a Gundumomin Ailan?

Tambaya: Wani mai karatu da ke zaune a ƙasar Ailan ya rubuto cewa ɗansa ya shiga kulob ɗin hurling na unguwarsu, kuma yana jin iyaye suna ta muhawara, wasu na cewa wasan bai taɓa samun tagomashi irin na yanzu ba, wasu kuma na cewa yana mutuwa a gundumomi da dama. Yana so ya san wanne ne gaskiya.

Amsa: Malam, ɓangarorin biyu duk suna da hujja, domin kowannensu gundumarsa yake kallo. Hurling wasa ne da ake yi da sanda mai faffaɗan kai da ƙaramar ƙwallo ta fata, ya ɗan yi kama da ƙwallon gora, sai dai a nan ana buga ƙwallon a sama kuma ana iya cafe ta da hannu. Kowane ɓangare mutum 15 ne. Idan ƙwallo ta shiga raga maki 3 ne, idan ta wuce ta saman sandar raga maki 1. Hukumar wasannin gargajiyar Ailan, wato GAA, wadda aka kafa a garin Thurles a 1884, ita ke kula da shi a gundumomi 32 na tsibirin, kuma ba a biyan ɗan wasa albashi. Abin da ya fi muhimmanci ga tambayarka shi ne cewa a al'adar hukumar ɗan wasa yana buga wa kulob ɗin yankin da aka haife shi ko yake zaune, galibi yankin cocin garinsu, ba a sayensa ba a sayar da shi. Saboda haka ƙarfin kulob yana bin yawan yaran da ake haifa a yankin ne da kuma yawan manyan da suka yarda su koyar da su kyauta.

Mu fara da abin da ya gyaru, domin gyaran ba ƙarami ba ne. Shekaru da yawa ɗan wasan kulob ba ya sanin ranar da zai buga gasar gundumarsa, saboda sai an jira tawagar gunduma ta gama nata wasannin, alhali a da sai watan Satumba ake buga wasan ƙarshe na ƙasa tsakanin gundumomi. Mutum ya yi ta atisaye tun sanyin Janairu, a buga wasa ɗaya a Afrilu, sannan a rufe gasa har kaka, ya kasa tsara aure ko tafiya ko hutun aiki. Wannan ƙunci ne ya sa aka kafa ƙungiyar kare 'yan wasan kulob a 2017. Annobar korona ta 2020 ta tilasta a raba shekara gida biyu, aka ga abin ya yi kyau, babban taron GAA na 2021 ya amince da tsarin, daga 2022 kuma wasan ƙarshe na ƙasa ya koma watan Yuli, sauran watannin suka zama na kulob. A ganina wannan shi ne alheri mafi girma da aka yi wa ɗan wasan ƙauye a wannan zamani, kuma duk mai kiran a mayar da wasan ƙarshe Satumba saboda talabijin ya kamata ya tuna cewa waɗanda ke sa rigar gunduma 'yan tsiraru ne cikin dubban masu buga wasan.

To amma gyaran kalanda bai gyara rashin daidaito ba. A gundumomin da wasan ya kafu, damuwar farko ita ce kulob ɗaya ya mamaye gasa har sauran su yanke ƙauna. Misali mafi bayyana shi ne Waterford, inda Ballygunner ta ɗauki kofin gunduma sau 11 a jere daga 2014 zuwa 2024, ta kuma ci kofin kulob-kulob na ƙasa a 2022 da ƙwallon da Harry Ruddle ya zura a daƙiƙun ƙarshe. Ba laifin Ballygunner ba ne: kulob ne da ke gefen birni inda jama'a ke ƙaruwa, ya tsara renon yara da kyau, ya girbi abin da ya shuka. Sai dai idan matashi ɗan shekara 20 a wani kulob bai taɓa ganin wani ya ɗaga kofin ba in ba su ba, da wuya ka shawo kansa ya fasa tafiya Ostareliya neman aiki domin ya tsaya ya gwada sa'a. A Galway ma St Thomas' ta ci sau 6 a jere daga 2018 zuwa 2023 kafin Loughrea ta karɓe a 2024, a Kilkenny kuma Ballyhale Shamrocks, kulob ɗin shahararrun 'yan wasa Henry Shefflin da TJ Reid, mai kofin ƙasa 9, ta ci sau 5 a jere daga 2018 zuwa 2022.

Akwai bambanci tsakanin waɗannan mamaya, kuma ya dace a lura da shi. Ballyhale da St Thomas' ƙananan yankunan karkara ne da suka dace da zuriya guda ta 'yan wasa, 'yan gida ɗaya da 'yan uwansu, irin wannan ƙarfi kuwa yakan ja baya idan zuriyar ta manyanta. Shi ya sa Kilkenny ta buɗe da wuri: O'Loughlin Gaels ta ci a 2023, Thomastown kuma ta ci a 2024 bayan rabonta da kofin tun 1946. Mamayar da ta samo asali daga yawan jama'a ita ce ba ta gushewa da kanta, kuma can ne wasan ya dosa. Kafin 2017 babu kulob ɗin Dublin da ya taɓa cin kofin ƙasa. Cuala ta ci a 2017 da 2018, Na Fianna ta ci a Janairun 2025. A daidai lokacin da manyan kulob na birni ke neman filin da za su zuba yaransu, ƙananan kulob na yammacin ƙasar suna haɗa yaran ƙauyuka biyu ko uku kafin su cika 15.

Gundumar Cork ta nuna cewa tsarin gasa yana iya taimakawa. A 2020 ta sake fasalin gasarta, ta taƙaita babban rukuni zuwa kulob 12, ta sa hawa da faɗuwa na gaske, har ta kai ga Glen Rovers, kulob ɗin shahararren ɗan wasa marigayi Christy Ring, ta faɗo a 2023 bayan kusan shekara ɗari a sama, ta kuma koma a shekarar da ta biyo. Gasar ta yi armashi, kofin yana yawo tsakanin kulob-kulob, ko da yake har zuwa 2025 rabon wani kulob na Cork da kofin ƙasa tun na Newtownshandrum a 2004. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin rauni. Ni na fi son gundumar da kulob shida ke shiga gasa da sa ran kofi a kan wadda take da zakara guda mai cin ƙasa da sauran 'yan rakiya.

Yanzu ga inda masu cewa wasan yana mutuwa suka fi gaskiya. Idan ka bar kudancin ƙasar da Galway ka nufi arewa da arewa maso yamma, ƙwallon ƙafa ta gargajiyar Ailan ce ke mulki, hurling kuwa tsibirai ne nan da can. Akwai tsibirai masu ƙarfi: arewacin Antrim, inda Loughgiel ta ci kofin ƙasa a 1983 da 2012, Slaughtneil a Derry, arewacin Kerry, da Carlow, inda Mount Leinster Rangers ta kai wasan ƙarshe na kofin kulob-kulob na ƙasa a 2014 daga gundumar da manyan kulob ɗinta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Amma a Leitrim kulob biyu ne suka daɗe suna haɗuwa a wasan ƙarshe, a Fermanagh kuma Lisbellaw ta yi shekaru ita kaɗai ce mai tawagar manya. Gasar da wasa ɗaya ko biyu ke kammala ta ba za ta raini ɗan wasa ba, musamman a wasan da ƙwarewar hannu ke buƙatar a fara tun ana ƙarami a kuma riƙa bugawa a kai a kai.

A ƙarshen 2023 aka kawo shawarar a cire Cavan, Fermanagh, Leitrim, Longford da Louth daga gasar lig ta ƙasa saboda ƙarancin kulob ɗinsu, a karkatar da kuɗin zuwa renon yara. 'Yan wasan gundumomin suka yi tir da ita, aka janye. Ina ganin sun yi daidai, domin rigar gunduma ita ce abin da ke riƙe da 'yan kaɗan ɗin da suka rage, kuma su ne masu koyar da yaran gobe. Duk da haka, matsalar da shawarar ta nuna tana nan daram. Hanyar da ta fi amfani zuwa yanzu ita ce gasannin da ke tsallake iyakar gunduma, wato Táin Óg ta yara da Cúchulainn ta manya, waɗanda ke haɗa kulob da makwabtansa masu ƙarfi irin nasa. Jarlath Burns, wanda ya zama shugaban GAA a 2024, ya sa yaɗa hurling cikin manyan manufofinsa, a 2025 kuma aka naɗa Willie Maher ya jagoranci wasan a ƙasa baki ɗaya, aka ba da ƙarfi wajen kafa sababbin kulob da ba su kayan farawa.

Kayan ma wani nauyi ne. Tun 2010 hular kwano ta zama dole ga kowane ɗan wasa, sanduna suna karyewa, ga cutar da ta kama itacen da ake sassaƙa su, wadda aka fara gani a Ailan a 2012, ta sa katakon ya yi wuya har wasu suka koma sandar da aka yi da itacen gora. Kulob ɗin ƙwallon ƙafa ƙwallo biyu sun ishe shi ya fara, na hurling kuwa sai ya tanadar wa kowane yaro sanda da hula.

Saboda haka, Malam, idan kana so ka auna gundumarku, ka tambayi hukumar gundumar kulob nawa ne ke fitar da tawagar manya, wasa nawa ɗan shekara 14 ke bugawa a shekara, kuma kulob nawa ne suka ɗaga kofi cikin shekara goma da suka wuce. Ka kuma duba ko ana dakatar da hurling duk lokacin da ya ci karo da jadawalin ƙwallon ƙafa, domin a gundumomi da yawa a nan ne yara ke barin wasan tun kafin su kai shekara 17.